Manhajar kallon bidiyo a kwamfuta: mai sauƙi ko mai tarin saituna?

Kafin ka sauke manhajar kallon bidiyo a kwamfutarka, ka duba abu ɗaya: ranar da fim ya zo da matsala, tana ba ka damar gyarawa, ko sai dai ka zuba ido? Duk manhaja tana da kyau idan fayil lafiyayye ne. Ana gane ta ƙwarai ne idan murya ta riga bakin mai magana, ko rubutun fassara ya makara.

Ni dai VLC nake ba kowa shawara. Ɗalibai ne suka fara aikinta a makarantar École Centrale da ke Paris a 1996, aka sake ta kyauta ga kowa a 2001, kuma ƙungiyar VideoLAN da ke kula da ita ba ta neman riba ba ce. Babu talla a cikinta. Idan ka buɗe ta, maɓallan da za ka gani kaɗan ne: kunnawa, tsayarwa, gaba, baya, ƙarar sauti. Wanda bai taɓa ganinta ba zai iya amfani da ita nan take.

Amma danna Ctrl da P ka ga inda hikimar take. Shafin saituna zai buɗe da abubuwan da aka fi buƙata kawai. Can ƙasa ta hagu akwai zaɓi biyu, Simple da All. Ka taɓa All, sai ɗaruruwan saituna su bayyana, daga tace hoto har zuwa yawan abin da za ta tara kafin ta fara nuna bidiyon intanet. Mai son sauƙi ba a cika masa ido ba, mai son tono kuma ba a rufe masa ƙofa ba. Idan ka yi ta taɓe-taɓe har komai ya rikice, akwai maɓallin da ke mayar da saituna yadda suke tun farko. Manhajar da ba ta da irin wannan maɓalli, ka yi hattara da yawan saitunanta.

Abin da na fi aunawa shi ne daidaita sauti da hoto. Akwai wata manhaja da na daɗe ina amfani da ita, rana ɗaya aka sabunta ta, aka cire wannan saitin da sunan sauƙaƙawa. Ina kallon lacca, malamin ya rufe baki amma muryarsa na ci gaba, kuma babu abin da zan taɓa. A VLC, harafin J da K suna matsar da sauti baya ko gaba, G da H kuma suna yi wa rubutun fassara haka, duk ba tare da ka tsayar da bidiyon ba.

Sauran fa? Wadda ke zuwa da Windows tana da tsabta, amma bidiyon HEVC, wani tsari na matse bidiyo, kan sa ta ce sai ka sayi ƙarin manhajar karanta shi. PotPlayer tana da ƙarfi, sai dai danna dama ɗaya zai zubo maka jerin zaɓi mai sa jiri. Ita kuwa mpv, yawancin saitunanta sai ka rubuta su da hannu a fayil, don haka ta masu haƙuri ce.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan muhimmanci. Shaharar VLC ta sa 'yan damfara na fakewa da sunanta. A Disambar 2022 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ɓata-gari na sayen talla a shafukan bincike suna kwaikwayon sanannun kamfanoni, kuma a farkon 2023 an ga irin waɗannan tallace-tallace da sunan VLC da wasu manhajojin kyauta irin su 7-Zip da OBS. Shafin bogin yana ɗauke da tambari iri ɗaya, har mazugin nan mai ruwan lemo, amma abin da za ka sauke yana iya kwashe kalmomin sirrin da ke burauzarka.

Saboda haka kada ka danna sakamakon farko idan an rubuta talla a kansa. Rubuta videolan.org da hannunka. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ka sauke ta, ko ya ce yana da VLC ta musamman mai ƙarin ƙarfi, maƙaryaci ne. Shafin da ya ce sai ka sauke wani ƙarin fayil kafin bidiyo ya buɗe, rufe shi, domin VLC tana zuwa da abubuwan karanta bidiyonta a ciki. Bayan saukewa, danna dama a kan fayil ɗin, shiga bayanansa (Properties), ka duba sa hannun dijital, wato shaidar wanda ya fitar da fayil ɗin: sunan VideoLAN ya kamata ka gani. Idan kuma lokacin sanyawa aka fara tallata maka wata manhajar goge kwamfuta ko sabuwar burauza, tsayar da shi, ka goge fayil ɗin, ka sa manhajar tsaro ta bincike kwamfutar gaba ɗaya.