Injin yankan ƙarfe na gida: ƙarami ko babba, mai waya ko mai batir?

Duk wanda ya taɓa tsugunawa yana yanka rodi mai milimita 16 da zarton ƙarfe, gumi na ɗiga, haƙoran zarton na zubewa, ya san abin da ke sa magidanci ya sayi injin yankan ƙarfe na hannu ya ajiye. Shi ne wanda kake gani a hannun masu walda yana feshin tartsatsi. Abin da zarto zai ci maka minti goma, shi kafin ka ƙifta ido ya raba shi biyu. Sai dai in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja ka tambaya, za a jero maka kala biyar ko shida, mai shago kuma hannunsa ya fi saurin kaiwa ga babban. "Alhaji, wannan ya fi ƙarfi," in ji shi. Gaskiya ya faɗa, amma ba shi ne naka ba.

Da girman faifai, wato zagayayyen dutsen yankan da ake ɗaura wa injin, ake rarrabe injinan. Akwai mai milimita 115, wato inci huɗu da rabi, da mai 125, da mai 180, sai babban mai 230 da ake ce wa inci tara. Na 115 yana nutsewa kusan milimita 30 cikin ƙarfe, nauyinsa wajen kilo biyu, yana jan wat 700 zuwa 900. Na 230 yana nutsewa kusan milimita 65, amma nauyinsa ya kai kilo biyar ko fiye, wutar da yake ci kuma daga wat 2,000 ne zuwa sama. To ka lissafa abin da ake yankawa a gida: rodi mai 10 ko 12 ko 16, bututun ƙarfe na ƙofa da taga, sarƙa, kwaɗon da makullinsa ya ɓata, noti da ya yi tsatsa ya ƙi kwancewa. Babu ko ɗaya da ya fi ƙarfin ƙaramin. Ko bututu mai faɗi ne, juya shi kake yi kana bin gefe-gefe. Babban na mai shagon walda ne da ke wuni kan ƙarfe mai kauri, kuma ranar da faifai ya maƙale ya yi tutsu, wanda bai saba ba ba zai iya riƙe shi ba. Tsakanin 115 da 125 kuwa bambancin kaɗan ne. Ka ɗauki wanda faifansa ya fi samuwa a kusa da kai.

Wani tarko da ba a cika faɗa ba: akwai ƙaramin ƙanensu mai milimita 100, wanda ramin faifansa milimita 16 ne, alhali na 115 zuwa 230 duk raminsu 22.23 ne. In ka sayi na 100 saboda araha, faifan maƙwabcinka ba zai hau shi ba. Haka kuma injin gwanjo da ya fito daga Amurka, na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce. Ka karanta ɗan allon da ke jikinsa kafin ka biya.

Sai maganar wuta, wadda a wajenmu ita ce ke yanke hukunci. Ƙaramin janareton nan da ake kunna fanka da talabijin da shi ba zai ɗauki ko na 115 yadda ya kamata ba, domin a lokacin tashi injin yana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. Janareto mai kilowat biyu zuwa sama ya wadatar wa ƙaramin. Babban kuwa sai ka ji janareto ya yi nishi ya mutu, in ba injin irin mai tashi a hankali ba ne. Mai batir ya raba ka da wannan wahala, kuma shi ne gwani in aikin a gona yake ko a kangon da ba a ja wuta ba. Amma kuɗinsa ya fi yawa, batirin yana saurin ƙarewa a kan ƙarfe mai kauri, zafin Afrilu kuma ba ya barin batir ya yi tsawon rai. Kada bolt 18 da bolt 20 da ake rubutawa a jikin batir su ruɗe ka, abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. In dama kana da injin huda mai batir, ka sayi na kamfaninsa domin batiri ɗaya ya yi maka aiki biyu. In ba ka da shi kuma kana da janareto, mai waya ya fi maka.

Abin da nake so ka tsaya a kansa sosai shi ne makunni. Iri biyu ne. Akwai na turawa, wanda in ka tura ya kulle, injin ya ci gaba da gudu ko ka sake shi. Akwai kuma na matsewa a ƙarƙashin hannu, da ka saki ya mutu. Na fahimci bambancinsu ne a tsakar gidana. Ina cikin yanka wani tsohon gadon ƙarfe aka ɗauke wuta, na ajiye injin a kan siminti na shiga shan ruwa, makunnin na nan a kulle, na manta. Ba a yi minti biyar ba aka dawo da wuta. Sai ƙara na ji, na fito na tarar da injin yana tsalle a ƙasa kamar kazar da aka yanka, ya datse wayarsa da kansa, faifan ya fashe, ɓari ɗaya ya kafe a jikin ƙyauren ban-ɗaki. Allah ya sa yara suna makarantar allo. Tun ranar ba na ba kowa shawarar makunni mai kullewa, sai in injin yana da kariyar da ke hana shi tashi da kansa bayan wuta ta dawo. A inda ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ya fi ƙarin wat ɗari biyu amfani.

Ta fuskar kamfani, Bosch da Makita da DeWalt su ne manya, kuɗinsu ma haka, kuma su aka fi yi wa jabu. In ka ga Makita a farashin da ya yi daɗi fiye da kima, ka san araha ba ta ado. Ingco da Total sun cika kasuwa, kuma ga mai aiki jefi-jefi sun isa. Ko wanne ka zaɓa, ka sa a jona a gabanka. Ka saurara ko akwai ƙarar gurzar haƙora a kansa, ka leƙa ta ramukan iska ko wuta na tartsatsi da yawa a ciki, ka tabbata an ba ka murfin kariya da mariƙin gefe da sifanar ɗaure faifai. Ka tambaya ko ana samun kabon ɗinsa, wato ɗan gawayin da ke kai wuta cikin motar injin, don shi ne ke fara cinyewa, kuma canza shi ba wani kuɗi ba ne.

Faifai kuwa, a nan mutane ke yin rowa, kuma a nan ake jin ciwo. Na yanka siriri ne, milimita 1 zuwa 1.6 don bututu da ƙarfe marar kauri, 2.5 zuwa 3 don mai kauri. Na gurza kaurinsa wajen milimita 6 ne. Ba a gurza da gefen na yanka, domin ba a yi shi don a danne shi ta gefe ba, fashewa yake yi. A jikin kowane faifai an rubuta iyakar gudun da zai jure: na 115 juyi 13,300 a minti, na 230 kuwa 6,600 kacal. Ƙaramin inji yana juyi wajen 11,000. Ka ga ke nan wanda ya cire murfin kariya ya ɗora babban faifai a ƙaramin inji, kamar yadda ake yi a wasu shagunan walda, yana gudu da shi kusan ninki biyu na abin da zai iya ɗauka. Sannan faifai yana da ranar lalacewa kamar magani. Duba zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa, za ka ga wata da shekara, galibi shekara uku daga ƙira, saboda ƙaron da ya haɗa shi yana rauni, balle in ya sha damina a shago mai yoyo. Wanda ya faɗi ƙasa ko gefensa ya ɓantare, jefar da shi. Faifan zarton katako mai haƙora kuma kada ya kusanci wannan inji ko da wasa.

Ranar aiki, ka cire babbar riga da duk abin da ke reto, ka sa tabaran kariya, ba na kwalliya ba. Ka ɗaure ƙarfen da kyau, kada ka ce yaro ya taka maka. Ka bar guntun da za ka cire yana lilo a waje domin bakin yankan ya riƙa buɗewa. In ka tallafe gefe biyu ka yanka a tsakiya, ƙarfen zai lotsa ya cije faifan, injin ya dawo kanka. Sabon faifai ka bar shi ya yi gudu na rabin minti ba a kan komai ba, kana tsaye daga gefe. Hannu biyu, ba dannawa, nauyin injin ya isa. Tartsatsin yana kafewa a gilashin taga da tayil da fentin mota, yana kuma zuwa nesa, don haka jarkar fetur ɗin janareto ta bar wurin tukuna. Ganga ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai kada ka yanka shi, ko ya shekara babu komai a ciki, tururin da ya rage yana fashewa. Bututu mai rufin tutiya a fili ake yanka shi, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Kwanon rufi kuma almakashin ƙarfe ya fi masa, domin zafin faifai yana ƙone rufinsa, damina ɗaya sai ka ga tsatsa ta bi layin yankan.