Likitan dabbobin da bai yi wa hawainiyata dariya ba

A Bauchi, ka ce kana kiwon hawainiya, sai a yi maka kallon mai taɓin hankali. Wannan likitan na wajen Yalwa kuwa a tafin hannunsa ya ɗora ta, ya taɓa muƙamuƙinta da ya yi laushi, ya duba ƙafafun da suka lanƙwashe har reshe ke suɓuce mata. Ya ce ƙashinta ne ya rasa kalsiyam: gilashin taga yana tare wani ɓangaren hasken rana mai suna UVB, wanda da shi jikinta ke haɗa bitamin D3, mai sa jiki ya amfana da kalsiyam. A riƙa fito da ita hantsi, da inuwa kusa, a barbaɗa garin kalsiyam kan farar da take ci. Bai ɓoye min ba, ƙafafun ba lallai su miƙe ba.

Kuɗin ganinsa dai da zafi, garin ma babu a shagonsa.