Cibiyoyin koyar da yara magana a Makka da Jidda: me kuɗinku ke saya?

In yaro ya cika shekara biyu bakinsa bai buɗe ba, a nan Makka ko Jidda cibiyar takhaɗub, wato ta koyar da magana, ake nuna wa iyayensa. Aikin yana da amfani matuƙa, amma cibiya ta fi cibiya, kuma tun ranar farko ake gane ta kirki.

Ta kirki ba ta fara zaman koyarwa sai an gwada ji. Ana sa wani ɗan toshe mai laushi a kunnen yaro a auna motsin dodon kunne, minti biyu an gama. In ana shakka sai a yi gwajin ABR, mai auna yadda jijiyar ji ke kai sauti ƙwaƙwalwa, yaro na barci, an manna masa wayoyi a goshi da bayan kunne. Dalili kuwa, ruwa kan taru a bayan dodon kunne bayan mura, babu ciwo babu zazzaɓi, yaro na jin magana kamar an toshe masa kunne da auduga. Yawanci ruwan kan janye cikin wata 3. In ya ƙi, likitan kunne ke sa ɗan bututu. Duk cibiyar da ta sayar muku da zama goma ko ashirin a dunƙule ba ta tambayi takardar gwajin ji ba, ku riƙe riyal ɗinku.

Ma'aunin da cibiyoyin ke bi daidai ne. A wata 12 ana son gwaranci da nuna abu da yatsa. A wata 24, kalma kusan 50 da haɗa biyu, irin "Umma ruwa". A shekara 3 baƙo ya fahimci yawancin abin da yaro ke faɗi. Tsakanin wata 16 zuwa 30 akwai tambayoyi 20 na M-CHAT da ake yi wa uwa don tantance alamun otizim: yana waiwayowa in an kira sunansa, yana kawo miki abu don ki gani? Wanda ya fara magana sannan kalmomin suka ɓace, wannan na likitan yara ne a makon, ba na jira ba.

Inda aikin ke da rauni a wurinmu shi ne harshe. Da Larabci ake gwajin, ma'aikaciyar ba ta jin Hausa. Yaron Shara Mansur a Makka da ke cewa "moya" (ruwa da Larabci) a waje, "ruwa" a gida, "zo" da "tashi" ga kakarsa, sai a ƙirga masa na Larabcin kawai, a rubuta jinkirinsa ya yi tsanani. Ƙa'ida ita ce a lissafa harsunan biyu. Don haka uwa ta yi mako guda tana rubuta duk kalmar da ya furta, har "mo" in saniya yake nufi da ita kullum, ta je da takardar. Wasu kuma kan ce a daina yi masa Hausa. Wannan shawara ba ta da tushe: harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, kuma uwar da Larabcinta na kasuwa ne, in ta bar Hausa sai ta rage yi wa ɗanta magana gaba ɗaya.

Zama kan ɗauki minti 30 zuwa 45, sau ɗaya ko biyu a mako, wanda shi kaɗai ba ya isa. Ku zaɓi inda ake barin uwa ta shiga ta ga dabarar: ki zauna ƙasa fuska da fuska, ki ɗaga dabino da biskit ki tambaya wanne, ki yi shiru daƙiƙa biyar, in ya ce "mota" ki ce "mota ta tafi". Su kuma tambayi batun waya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kada a bar ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, na biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana. Cire belu wurin wanzami kuwa ba ya buɗe baki, sai zubar jini da rauni.

Bayan wata 3 ku nemi rahoto a rubuce, da adadin kalmomin da ya shigo da su da waɗanda ya ƙara. In babu rahoto, ku canja cibiya.