Wasiƙa daga Jamus: a nan alƙaluman wuta ba sirri ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambayar yaya karatu, yaya sanyi, karatu na tafiya alhamdu lillahi, sanyi kuwa sai haƙuri. Akwai dai abin da ya tsaya mini a rai tun da na fara aikin bincikena, shi nake so mu yi magana a kai.

Bincikena a kan yadda ƙasashe ke barin kwal da man fetur suna komawa ga rana da iska ne, da irin dokokin da ke sa hakan ya yiwu ko ya gagara. Malamina ya ce in fara da Jamus, hannuna ya faɗa, sannan in koma kan Najeriya. Na zauna ina tsara takardar neman bayanai kamar yadda muka saba, har ina tunanin wanda zai buga mini hatimi a sashe. Wata abokiyar karatu ta leƙo ta ga abin da nake rubutawa, ta ja kujera, ta buɗe mini wani shafi mai suna SMARD, na hukumar da ke sa ido kan layukan lantarki, wadda ke Bonn. Ga komai a shimfiɗe: wutar da rana ta bayar, wadda iska ta bayar, ta kwal, ta gas, wadda aka sayo daga maƙwabta da wadda aka sayar musu, da farashin kasuwa, kowane kwata na awa, har shekarun baya. Ba a tambaye ni sunana ba, balle dalilina. Cibiyar Fraunhofer ta binciken makamashin rana da ke Freiburg, wadda aka kafa a 1981, ita ma tana da irin wannan shafi kyauta. Akwai kuma rajistar ƙasa da ake shigar da kowace tashar wuta, tun daga manyan tashoshi har ɗan faifan solar da mutum ya rataya a barandarsa, kowa na iya dubawa, sunayen mutane kawai ake ɓoyewa.

Da na zo ɓangaren gida ne jikina ya yi sanyi. Na rubuta wa wani ofishi, shiru. Na roƙi wani ƙanena ya kai takardar da hannunsa. Aka ce ya kawo takardar gabatarwa daga jami'a, ya kai. Aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ya dawo, aka ce fayil yana kan teburin oga. Daga ƙarshe wani ma'aikaci ya ja shi gefe ya ce masa, cikin mutunci ma, waɗannan bayanan gwamnati ne, ba a fitar da su. Ba sirrin tsaro na nema ba, 'yan uwa. Yawan wutar da wani yanki ya samu a shekara na tambaya.

Dole na jingina da ƙiyasin Bankin Duniya da ke Washinton da na Hukumar Makamashi ta Duniya da ke Faris. Ranar da na gabatar da wannan babi, wani malami ya ɗaga hannu ya tambaye ni, ba da niyyar cin fuska ba, me ya sa alƙaluman ƙasata duk daga Washinton da Faris suka fito. Ɗakin ya yi tsit ana jiran amsata. Na ba da amsar da ta samu, amma wallahi na daɗe ban ji kunya irin ta wannan rana ba, kuma kunyar ba tawa ce ni kaɗai ba. In za a yi adalci, hukumar kula da lantarki ta Najeriya tana fitar da rahoto duk wata uku, na kuma amfana da shi. Sai dai babban layin ƙasa megawat dubu huɗu zuwa biyar yake rabawa mutum sama da miliyan 200, sauran rayuwa a kan janareta take tafiya, shi kuwa janareta ba mai ƙirga shi yadda ya kamata. To ta yaya za ka tsara rage hayaƙin da ba ka san yawansa ba?

A nan na ga abin da buɗaɗɗun alƙaluma ke haifarwa. A 2021 kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta saurari ƙarar da wasu matasa suka shigar, ta ce dokar yanayi ta Jamus ta 2019 ta tura nauyin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya kan 'yan baya fiye da kima. Hujjojin sun tsaya ne a kan lissafin masana na adadin hayaƙin da ya rage wa ƙasar ta fitar. Cikin 'yan watanni aka gyara dokar: rage hayaƙin da kashi 65 cikin ɗari zuwa 2030 idan aka auna da 1990, sannan a kai ga daidaito a 2045, wato hayaƙin da ake fitarwa kada ya wuce wanda ake iya shanyewa. Akwai majalisar masana mutum biyar da doka ta ba aikin tantance alƙaluman hayaƙi duk shekara, su fito fili su ce wane ɓangare ne ya gaza. Maganar barin kwal ma kwamiti aka kafa a 2018, aka zaunar da ƙungiyoyin ƙwadago da masu masana'antu da masu rajin muhalli da malaman jami'a a teburi ɗaya, aka tsayar da 2038 a matsayin shekarar daina ƙona kwal, aka ware yuro biliyan 40 don yankunan da suka dogara da haƙar kwal. Ɗalibi a nan yana rubutu ne da sanin cewa wata rana lauya ko ɗan majalisa zai ɗauki takardarsa ya yi faɗa da ita.

Abin da ya fi ba ni sha'awa kuma ya fi ba ni takaici shi ne rana. Hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya a Jamus a shekara kusan rabin wanda ke sauka a arewacin Najeriya ne. Duk da haka dokarsu ta shekarar 2000, wadda Hermann Scheer da Hans-Josef Fell suka yi wa jagoranci a majalisa, ta ce duk wanda ya samar da wuta daga rana ko iska dole a karɓa, a biya shi farashi tsayayye na shekara 20. Manomi ya ga tabbas, banki ya ba shi bashi, rufin rumbu ya cika da sola. A 2023 fiye da rabin wutar da ƙasar ta sha daga makamashi mai sabuntuwa ta fito. Idan hunturu ya shiga, ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu, nakan tuna ranar gida da muke gudu muna neman inuwa, sai kewa ta kama ni, haushi ya biyo baya.

Kada dai ku ɗauka aljanna nake. Wutar ba ta ɗaukewa, matsakaicin yankewarta a shekara bai kai minti 15 ba, amma tsada kam sai wanda ya biya. Kilowat ɗaya na awa yana kai wa kusan santi 40 na yuro, cikin mafi tsada a Turai. Kana biyan ƙiyasi duk wata, ƙarshen shekara wasiƙa ta zo ta ce ka cika, kuma ba a roƙon ragi. Iskar tana arewacin Jamus, masana'antu suna kudu, babban layin SuedLink mai tsawon kusan kilomita 700 da zai kai wuta daga arewa zuwa kudu, wanda aka so gamawa a 2022, har yanzu ana aikinsa, saboda jama'a sun ƙi turaku a kusa da su aka koma binne waya a ƙasa. Jihar Bavariya ta kafa doka a 2014 cewa fankar iska ta yi nisa da gidaje ninki goma na tsayinta, ginin sababbi ya kusan tsayawa cak. Saboda haka akwai ranakun da ake tsayar da fankoki a arewa, a kunna tashoshin gas a kudu, mai mita ya biya duka biyun.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake maganarmu a ɗakunan taro. Jamusawa sun rufe tashoshin nukiliyarsu uku na ƙarshe a Afrilun 2023 alhali suna ƙona kwal mafi ƙazanta, a Janairun shekarar ma aka kwashe masu zanga-zanga daga ƙauyen Lützerath don faɗaɗa ramin haƙar kwal. Da gas ɗin Rasha ya yanke a 2022, ba a cika shekara ba suka buɗe tashar karɓar gas ta jirgin ruwa a Wilhelmshaven. Amma sai ka ji ana muhawara ko ya dace a ba Afirka bashin gina tashar gas. Bajamushe ɗaya yana fitar da kusan tan takwas na hayaƙin kabon a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba. Ina faɗar wannan duk inda na samu dama, sai dai wanda ya zo muhawara da alƙaluman aro muryarsa ba ta da nauyi.

Mu ma mu duba kanmu. A taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawarin Najeriya za ta kai ga daidaiton hayaƙi a 2060, aka sa hannu a dokar sauyin yanayi a wannan shekarar, aka ƙaddamar da tsarin sauya makamashi a 2022. Bikin ƙaddamarwa mun iya shi. Amma ma'aikaci yana riƙe fayil kamar gadon ubansa, malami yana ɓoye wa malami abin da ya auna don kada a riga shi bugawa, kundayen ɗalibai masu kyau suna shan ƙura a ɗakin ajiya ba wanda ya sa su a intanet. Sola tana shigowa ƙasar tuli, ana kafawa a rufi, babu mai rubuta nawa ne, ina suke, yaushe batir ya mutu, ina aka jefar da shi.

Na canza tsarin babina na gaba saboda wannan. Na yi magana da wasu ɗalibai a gida za su riƙa rubuta awannin da janareta ya yi aiki da litar man da ya sha a gidaje da wuraren sana'ar da suka yarda, tsawon shekara guda. Sharaɗin da na gindaya shi ne duk abin da aka tara za a cire sunaye a sa shi a fili, kyauta, da sunayen ɗaliban da suka yi aikin a kai. Wanda ke da janareta ko sola kuma yake son shiga, ya tanadi ƙaramin littafi da biro, in sha Allahu za a neme shi.