Na Mandela ko na Frankl? Ɗauki ƙaramin

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya wanne za ka saya cikin littattafai biyu. Biyun da ka ambata, Long Walk to Freedom na Mandela da Man's Search for Meaning na Viktor Frankl, duk suna nan a ɗakina, amma kallo ɗaya za ka yi musu ka gane wanda ya sha hannu. In kuɗin guda ɗaya gare ka, sayi na Frankl.

Ni ba ma sayensa na yi ba. Shekarar da Baba ya kwanta a asibiti, Allah ya jiƙansa, wata biyu cur ina kwana kan tabarma a baranda. Wani abokin aikina ya zo dubiya, ya miƙo min shi tare da ledar lemo. Ɗan siriri ne, bai kai shafi 200 ba, da fitilar waya na cinye shi a dare uku ina korar sauro.

Frankl likitan ƙwaƙwalwa ne, Bayahude, mutumin birnin Vienna a Ostiriya. A 1942 'yan Nazi, masu mulkin Jamus ƙarƙashin Hitler, suka kwashe shi da matarsa da iyayensa. Sansanin gwale-gwale huɗu ya zauna, har da Auschwitz, sai a Afrilun 1945 sojojin Amurka suka buɗe musu ƙofa. Ya fito ya tarar ba uwa, ba uba, ba ɗan'uwa, ba mata. Cikin kwana tara ya yi shiftar littafin, ya fita da Jamusanci a 1946.

Abin da ya kama ni shi ne mutumin bai zauna yana ba ka tausayi ba. Idon likita ya zuba wa wahalar, yana lura da wa ke karyewa, kuma me ke karya shi. Ya ce a sansanin ana musanya taba sigari da kwanon miya, saboda haka duk wanda ke son rai ɓoye tasa yake yi. Ran da aka ga mutum ya kunna tasa ya zuƙa, an san ya sallama, kuma da wuya irinsu su daɗe.

Sai labarin da ya sa na ajiye littafin na yi shiru. Wani ɗan sansanin ya yi mafarki an gaya masa wahalarsu za ta ƙare ran 30 ga Maris, 1945. Ya riƙe wannan rana gam. Da ta matso ba alamar komai, zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa ya kwantar da shi ran 29, ran 30 ya fita hayyacinsa, ran 31 ya cika. Frankl na ganin yanke ƙauna ce ta rushe garkuwar jikinsa, cutar ta samu hanya. To ni a lokacin abin da nake yi ke nan. Kullum ina cewa kafin azumi za a sallame mu, azumi ya kama na koma cewa kafin Sallah, kowace rana ta wuce sai in ji gwiwata ta sage. Daga wannan daren na bar yanka wa Allah wa'adi. Na koma duba abin da ke gabana: in juya Baba, in ba shi kunu, in karɓo magani. Ba Musulmi ne ya rubuta shi ba, amma za ka yi ta tuno abin da malamanmu ke faɗa kan haƙuri da tawakkali.

Aibinsa ɗaya, rabin baya bayani ne kan hanyarsa ta warkar da damuwa, kamar kana zaune a aji. In ya gundure ka, tsallake, rabin farko ya biya kuɗinka.

Na Mandela kuwa da gumina na saya, kuma na ɗan yi da-na-sani. Ya haura shafi 600, kuma sai ka wuce tsakiya kafin ka taka tsibirin Robben, inda aka ɗaure shi. Kafin nan sai ka bi ta ƙuruciyarsa a ƙauyen Qunu, ofishin lauyancinsu da abokinsa Oliver Tambo, tarurrukan jam'iyyarsu ta ANC, shari'a bayan shari'a. Ban ce babu abin ɗauka ba. Shekara 27 a ɗaure, 18 a wannan tsibiri, haƙar farin dutse da ƙyallinsa ya lalata masa ido, wasiƙa ɗaya duk wata shida a farkon zaman, mahaifiyarsa ta rasu a 1968, babban ɗansa Thembi a 1969, ba a bar shi ya je jana'izar ko ɗaya ba. Amma dattijo ne mai kawaici, a taƙaice yake faɗin abin da ya fi ci masa rai ya koma kan siyasa. Mai son tarihin Afirka ta Kudu zai more shi. Ni sau biyu ina ajiye shi kafin in kai ƙarshe.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, don duka biyun an cika kasuwa da na jabu. Nawa na Mandela a hannun mai talla a cunkoson motoci na saya, an naɗe shi a leda tsaf. Sai da na yi nisa na tarar an maimaita wasu shafuka, wasu kuma babu su sam. Akwai kuma taƙaitaccen bugunsa da wasu ke sayarwa a kuɗin cikakke, in ka gan shi siriri ka san ba shi ba ne. Na Frankl ma akwai ƙananan littattafan da wasu suka taƙaita shi, da sunan littafin ɓaro-ɓaro a bango, sunan mai taƙaitawar a ƙasa kamar tururuwa. Masu talla a Facebook da WhatsApp da ke cewa sai ka tura kuɗi tukuna, wani fayil zai turo maka a waya, wani ma ya toshe lambarka.

Ka je shago da ƙafarka, ka sa a yage ledar a gabanka. Ɗaga shafi ɗaya ga haske, in rubutun baya na leƙowa ko tawadar ta yi dishi-dishi, mayar masa. Bi lambobin shafi a tsakiya da ƙarshe. In ya ce ba a buɗewa sai an biya, shago na gaba ma yana da shi.