Hattara 'yan uwa mazauna Ingila, ana damfarar mutane da sunan canjin bututun gas

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda ke shirin canza boila, wato injin gas mai ɗumama gida da ruwa, a gidansa kafin sanyi ya kankama ya tsaya ya karanta wannan, kuma ya tura wa na kusa da shi. Akwai wani mutum da lambarsa ke yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp ana cewa wai yana saka boila da araha, ba zan kama suna ba amma aikinsa na gani da idona a gidan 'yar uwata, kuma daga baya na ji ba ita kaɗai ya yi wa ba, salon iri ɗaya ne.

Maganar bututun nan gaskiya ce fa, ku fara sanin wannan, shi ya sa damfarar take ci. Tsofaffin gidaje da yawa a nan bututun da ya taso daga mitar gas zuwa boila mai kaurin milimita 15 ne, da shi aka saka tsohuwar boila irin mai tanki wadda take ɗumama ruwa a hankali ta tara, ba ta jan gas sosai. Ita kuwa kombi da kowa ke sakawa yanzu ba ta da tanki, kana buɗe famfo a take za ta dafa ruwan, to a wannan lokacin tana zuƙar gas da ƙarfi, mai kilowat 30 sai ta ja kusan ninki biyu na abin da tsohuwar ke ja. Siririn bututu in yana da tsawo da lanƙwasa da yawa ba zai iya kawo wannan ba, dole a mayar da shi milimita 22, wani lokacin ma 28 in mita tana nesa. Ƙa'idar ita ce ƙarfin gas a bakin mita wajen miliba 21 ne (miliba ma'aunin ƙarfin turin gas ne), kuma abin da zai ragu a hanya daga mita zuwa boila kada ya wuce miliba 1. Saboda haka in injiniya ya ce maka bututunka ya yi kaɗan ba lallai ɓarawo ba ne, sau da yawa gaskiya ya faɗa. Amma abu ne da ake aunawa, akwai na'urarsa, ba da ido ake yanke hukunci ba kuma ba a hoton waya ba.

Shi wannan bawan Allah ga yadda yake yi. Ba ya zuwa duba gida kafin ya ba da farashi, cewa zai yi turo min hoton boilar, sai ya faɗi kuɗin da ya gaza na kowa nesa ba kusa ba, ya ce ai mu 'yan uwa ne ba zai cuce ka ba, a ba shi rabi a hannu ya sayo kaya. Ranar aiki da sassafe zai zo ya kwance tsohuwar boila ya fitar da ita waje ya tsiyaye ruwan hita gaba ɗaya, sai gida ya zama babu ɗumi babu ruwan zafi, sannan ne zai kira mai gida ya dafa bututu yana girgiza kai. Abin da ya ce wa 'yar uwata shi ne, Hajiya akwai matsala fa, wannan bututun doka ta hana in haɗa sabuwar boila da shi, sai an canza shi tun daga mita, fam 800 ne kuma yanzu nake so don in je in sayo tagulla, in ba haka ba sai dai in tattara kayana. A watan Disamba, da yara ƙanana a gida, maigidanta yana wajen aiki ba ya ɗaukar waya, wa zai tsaya ciniki? Ta fita ta ciro kuɗi ta ba shi, ko rasit babu.

Da a ce ma ya yi aikin da sauƙi, sai a ce tsada ce kawai ya yi mata. Bai yi ba. Ya saka sabon bututu mai kauri yana ƙyalli kamar kamu biyu daga jikin mita zuwa inda ya shige ƙasa, ya saka wani kamar kamu biyu a ƙarƙashin boila inda ido ke gani, duk abin da ke tsakani, wanda ya bi ƙarƙashin katakon falo da kicin, tsohon siririn nan ne yana nan yadda yake, ya dai sa 'yar mahaɗa ya haɗa babba da ƙarami a inda ba mai leƙawa. Mitarsu tana ƙofar gida boila tana can bayan kicin, amma ko kafet bai ɗaga ba, ko katako ɗaya bai cire ba, kuma bai bi da bututu ta jikin bangon waje ba, to ta ina sabon ya bi? Wannan tambayar kaɗai ta isa ta tona shi amma mutum yana cikin sanyi da ruɗani ba ta ita yake ba.

Alamar da ta fara nunawa a kicin ne. Tana girki wutar kuka, wato murhun gas, tana ci shuɗiya lafiya lau, da zarar wani ya buɗe ruwan zafi a banɗaki sai ka ga wutar ta yi ƙasa kamar za ta mutu, mai wanka kuma ruwa ya yi zafi ya yi sanyi, can sai boilar ta ɗauke ta nuna lambar matsala sai an sake tayar da ita. Aka yi ta kiransa, yau ya ce iska ce a bututu gobe ya ce laifin kamfanin gas ne, daga nan waya ta daina shiga. Da suka nemi kamfanin da ya ƙera boilar don garanti sai aka ce ai ba a ma yi mata rajista ba, takardar Benchmark da ke bayan littafin boila wadda mai sakawa ya kamata ya cike da awon da ya yi ya sa hannu, fara fat. Injiniyan kirki da aka kira daga baya shi ya ɗora na'ura a mita ya ɗora a boila ya kunna ta da ƙarfi, ya ga gas ya faɗi fiye da ƙima, ya ɗaga katako guda a falo ya haska tocila ya ce ku zo ku gani. Wallahi raina ya ɓaci, ba don kuɗin kawai ba, gas ne fa, boilar da ba a saita ta daidai ba tana iya fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci ta gama da shi, ga mahaɗar da aka ɓoye a ƙarƙashin falo wadda ba wanda ya gwada ko tana yoyo, yara suna wasa a kai.

Akwai wani salon kuma da na ji ya yi wa wani dattijo, ya ce masa wai bututun da ya shigo daga titi ne ya yi kaɗan, a ba shi kuɗi zai biya kamfani a canza. Ƙarya ce tsagwaronta. Bututun titi har zuwa makunnin da ke gefen mita na kamfanin rarraba gas na yankinku ne, irin su Cadent ko Northern Gas Networks ko SGN ko Wales & West Utilities, mai saka boila ba shi da hurumin taɓa shi, in ana buƙatar aiki a wurin kai da kamfanin za ku yi magana kai tsaye su ba ka farashi a rubuce. Naka yana farawa ne daga bayan mita zuwa cikin gida. Kuma in haya kake yi babu ruwanka da ko ɗaya, boila da bututu duk na mai gida ne, shi doka ta ɗora wa, har da duba gas na shekara-shekara da ba ka takardarsa.

Batun tambayar katin shaidar mai aikin gas kuma dan Allah mu daina jin kunya. A ƙasar nan laifi ne mutum ya yi sana'ar aikin gas ba ya cikin Gas Safe Register, wato rajistar masu izinin aikin gas, ita ce ta maye gurbin CORGI tun 2009, duk wanda ya nuna maka katin CORGI a matsayin izinin aikin gas ka san akwai magana. Katin yana da hoto da lamba mai alƙaluma 7 da ranar ƙarewa, ka karɓa a hannunka ka juya bayansa, a nan aka jera irin aikin da aka yarda ya yi, wani kuka kawai aka ba shi izini ba boila ba. Ka shiga shafinsu ka sa lambar ka ga ko fuskar da ta fito ita ce a tsaye a gabanka, ko ka kira 0800 408 5500. Shi wannan mutumin cewa yake yi katin yana mota, ko kuma ai abokina mai rajista zai zo ya sa hannu daga baya, wannan ma ba halal ba ne a dokarsu, mai rajista ba ya sa hannu a aikin da marar rajista ya yi. Mu Hausawa da kara, sai mu ga kamar tambayar kati raini ne tunda ɗan uwa ne ya turo shi, alhali masu aikin gaskiya tun daga bakin ƙofa suke miƙo maka kafin ka tambaya.

In za a ba ka farashi a zo gidan a duba, ka tambaya tun kafin a taɓa komai, Malam bututun nan zai ɗauki sabuwar boila ko sai an canza, in za a canza ta ina zai bi kuma nawa, a rubuta a cikin takardar farashi. Ka nemi mutum biyu ko uku su duba, in ɗaya ya ce sai an canza sauran ba su ce ba ka tambaye su dalili. Ranar aiki kafin a mayar da katako ka je ka gani ka ɗauki hoto, in an gama ka ce a auna a gabanka a rubuta a Benchmark. Bayan nan shi injiniyan ne zai kai rahoton aikin cikin kwana 30 a aiko maka da satifiket na dokar gini, ka adana shi don ranar sayar da gida lauya zai nema. Kuɗi kuma kada ka ba da a hannu, in da hali ka biya da katin bashi, akwai sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 da ke sa banki ya ɗauki alhaki tare da mai sayarwa in abin ya haura fam 100 har zuwa 30,000. Na san wasunmu suna guje wa katin saboda ruwa, to aƙalla a tura ta banki zuwa asusun kamfani a karɓi rasit.

'Yar uwata dai sai da ta sake biyan kuɗi aka ja sabon bututu ta bangon waje, an kai ƙara Gas Safe an kuma sanar da Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, su miƙa wa Trading Standards, hukumar da ke binciken cutar masu saye. Wanda ya san an saka masa boila ta irin wannan hanyar, hoto a WhatsApp, kuɗi a hannu, ƙarin kuɗin bututu bayan an kwance tsohuwa, babu takarda, kada ya jira sai ta nuna alama, ya kira Gas Safe ya faɗa musu ya kuma nemo mai rajista ya auna, ya sayi ƙararrawar kabon monoksaid ya maƙala kusa da boilar yau ɗin nan. In kuma kun ji warin gas ko mutanen gida suna ciwon kai da jiri da ke lafawa in an fita waje, ku kashe makunnin mita ku buɗe tagogi ku fita, kada a taɓa makunnin wutar lantarki, a kira 0800 111 999 daga waje, kyauta ne dare da rana.