Bilstein ko Old Man Emu: wanne zai jure a ƙarƙashin Hilux da aka ɗaga?

Alhaji, na ga tambayarka tun da safe. Ka ce an ɗaga Hilux ɗinka inci 2 da zoben ƙarfe da aka cusa a saman sifirin, kana shiga gona ta wajen Soba da Maigana ɗauke da taki, shokozoba kuma sai tsiyayar mai suke yi. Kana so a kwatanta maka shokozoba iri biyu, Bilstein 5100 da Old Man Emu Nitrocharger, sannan wani ya ba ka shawarar Fox.

Kafin a zo ga suna, ina zargin tsawo ne ya kashe maka waɗanda ke jikin motar yanzu. Kowane shokozoba yana da iyakar miƙewa da iyakar tsukewa. Idan aka ɗaga mota aka bar mata na asali, to ko tana tsaye ya riga ya cinye wani kaso na miƙewarsa. Taya na faɗawa rami sai ya miƙe ya buga ƙarshe, "kwas", wannan ƙarar da direbobi ke ɗora wa bushin laifinta. Dukan yana cin sil ɗin da ke riƙe mai a hankali. Wanda ya yi tsawo fiye da kima shi ma matsala ne, domin idan an lafta wa mota kaya zai tsuke ya daki gindinsa tun kafin robar da ke tare nauyi ta taɓa. Ko wane kamfani ne ya ƙera shi, ba zai daɗe a haka ba.

Bambanci na farko tsakanin Bilstein da Nitrocharger a ginin cikinsu yake. Bilstein na Jamus ne, bututu ɗaya gare shi. Mai yana gefe guda, iskar naitirojin mai matsi sosai tana ɗaya gefen, da wani fistin mai yawo a tsakani wanda ba ya bari su gauraya. Fistin ɗin 5100 faɗinsa milimita 46 ne. Nitrocharger kuwa na kamfanin ARB ne na Ostireliya, bututu biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Fistin yana aiki a na ciki, na waje ma'ajiyar mai ce da iska mai ƙaramin matsi.

Amfanin sanin wannan shi ne zafi. Aikin shokozoba shi ne ya mayar da girgiza ta zama zafi ta hanyar matse mai ya bi ta ƙananan ƙofofi. A kan gargada, irin wadda jar ƙasa ke yi da rani bayan manyan motoci sun tattake ta, fistin yana hawa da sauka ba hutu. Mai ya yi zafi, ya tsinke, ya fara kumfa, kumfa kuma ba ta riƙe komai. Nan ne za ka ji bayan mota ya fara rawa, sitiyari ya yi sako-sako a hannu. A wannan fagen Bilstein ya fi, don man yana manne da bangon da iska ke kaɗawa, matsin naitirojin kuma yana hana kumfa. Mai bututu biyu yakan riƙe zafinsa a ciki kamar fulas ɗin shayi, sai ya fi saurin yin laushi idan tafiyar ta yi tsawo ana gudu.

Amma wannan bango ɗaya shi ne kuma raunin Bilstein. Tayoyin gaba suna watso tsakuwa kai tsaye kan shokozoban baya. Idan dutse ya lotsa jikin mai bututu ɗaya, ya lotsa hanyar da fistin ke bi ke nan, shi ke nan an gama. Mai bututu biyu kuwa za ka iya ganin jikinsa da tabon duka kaca-kaca yana ta aikinsa, saboda na ciki lafiyarsa ƙalau. Ga wanda ke ratsa kwari da kan duwatsu a giya ta ɗaya ko ta biyu, wannan ya fi batun zafi muhimmanci, don a wannan tafiyar shokozoba ba ya zafin da zai yi kumfa.

Sai kaya, inda ni a ganina maganarka ta fi karkata. Shokozoba ba ya ɗaukar nauyi, sifirin ne ke ɗauka. Buhu 10 na taki mai kilo 50 rabin tan ne, kuma da wuya a tsaya a nan ranar da ake kai taki gona. Old Man Emu ana sayar da shi ne a matsayin saiti, sifirin na gaba da na baya da shokozoban da aka daidaita da su, kuma kana zaɓar sifirin gwargwadon nauyin da ka saba ɗauka. Da shi za a cire wannan zoben gaba ɗaya, ɗagawar ta fito daga sifirin ɗin kansa. Bilstein a kan tsohon sifirin da ya gaji zai yi ta aikin da ba nasa ba. Idan kuma motar ba kaya, a kan titin Kaduna ko Kano, Bilstein ya fi tsauri kaɗan amma yana riƙe mota da kyau a kwana.

Fox da takwaransa King kuwa kaya ne masu kyau ƙwarai, an yi su ne don a riƙa buɗewa ana canza musu mai da sil ana sake cika naitirojin. Wannan falala ce ga wanda ke da mai yi masa. Iskar mai faci ba za ta yi ba, tana da danshi, kayan gyaran kuma sai an yi odarsu. Ƙurar hunturu da lakar damina suna gaggauta lokacin buɗewar. Ban ba ka shawararsu ba.

Saboda haka ga Hilux mai zuwa gona da kaya, Old Man Emu da sifirin ɗinsa zan zaɓa. Da Prado ce mai yawan bin kwalta da doguwar gargada ba nauyi, da Bilstein na ce.

Ka yi hattara da jabu, ko a Panteka ta Kaduna za ka saya ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka nemi lambar kayan da ta dace da samfurin motarka da tsayin ɗagawarta, ka duba an buga ta a jikin ƙarfen, kada ka tsaya ga kwali. Ɗan Beljiyam ba ka san wahalar da ya sha ba kafin ya iso. Kada ka wuce inci 2 a gaba, don shaf da bol join za su fara aiki a karkace.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kan bakanikenka. A canza biyu-biyu, hagu da dama tare. Kada ya ƙarasa ɗaure notin bushin na ƙasa sai an sauke mota daga jak nauyinta ya zauna kan taya, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. A yi alaimen bayan an gama. Ranar da ka dawo daga Maigana, ka kai bayan hannu kusa da kowanne a hankali. Mai aiki za ka ji shi da ɗumi, wanda ya yi sanyi a cikinsu shi ne za a fara dubawa.